Taskar Gida: Masu Ajiye Fina-finai, Littattafai da Wasanni a Ƙarƙashin Rufinsu

A cikin watan Yuli na shekarar 2009, waɗansu mutane a ƙasar Amurka da suka sayi littattafai biyu na marubucin nan na Ingila, George Orwell, daga kamfanin Amazon, suka biya kuɗinsu cif, suka sauke su a cikin na'urar karatun nan da ake kira Kindle, sun wayi gari sun tarar littattafan ba su ba alamarsu, alhali kuwa na'urar tana nan inda suka ajiye ta, ba wanda ya shigo ɗaki balle ya taɓa ta. Abin da ya faru shi ne, kamfanin ya gano cewa wanda ya kawo masa littattafan don a sayar ba shi da izinin yin haka, saboda haka sai ya bi ta intanet ya share su daga na'urorin mutane, ya mayar musu da kuɗinsu, ba tare da ya shawarci kowa ba. Daga bisani shugaban kamfanin, Jeff Bezos, ya fito ya ba da haƙuri, amma ba da haƙuri bai kankare abin da jama'a suka gani da idonsu ba, watau cewa littafin da suke zaton nasu ne ashe yana zaune a hannunsu ne da yardar wani, ranar da yardar ta ƙare kuwa shi ma ya tafi.

Tun da daɗewa malaman fiƙihu suka rarrabe tsakanin mallakar ainihin abu da mallakar amfaninsa, suka ware wa kowanne babinsa. A babin ciniki, da zarar an ƙulla, kuɗi ya koma hannun mai sayarwa kaya ya koma hannun mai saye, to, mai saye yana da ikon yin tasarrufi da kayansa yadda ya ga dama, ya sayar, ko ya kyautar, ko ya ba da aro, ko ya yi waƙafi, idan kuma ta Allah ta kasance magada su raba. A babin ijara kuwa da na ariya, abin da mutum ya samu amfani ne kaɗai na wani lokaci, asalin abu yana nan ga mai shi. Duk wanda ya yi haƙurin karanta dogayen sharuɗɗan nan da kamfanonin fina-finai da littattafai da wasannin kwamfuta suke sa mutum ya amince da su kafin ya biya, zai ga cewa abin da mafi yawansu suke bayarwa izini ne na kallo ko karatu ko wasa, wanda ya fi kusa da ijara. Sai dai ijara ce da ba a ambaci ajalinta ba, wadda da za a kai irinta gaban alƙalin da, da farkon abin da zai tambaya shi ne yaushe ne wa'adin, wa kuma yake da ikon warware ta. Su kansu mahukuntan jihar Kalifoniya sun lura da wannan rufa-rufa, har suka yi doka wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2025, da ta wajabta wa kamfani ya bayyana wa mai biyan kuɗi a fili cewa izini yake karɓa ba mallaka ba.

Abin da ya sami masu littattafan Orwell bai zama na ƙarshe ba. A shekarar 2019 kamfanin Microsoft ya rufe kasuwarsa ta littattafai, dukan abin da mutane suka saya a cikinta ya daina buɗuwa a watan Yuli, aka mayar musu da kuɗi. A watan Disambar 2023 kamfanin Sony ya sanar da masu na'urar PlayStation cewa zai cire ɗimbin shirye-shiryen tashar Discovery da suka riga suka biya, sai da jama'a suka yi ca a kansa sa'an nan aka sabunta yarjejeniya aka fasa. A watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ya toshe hanyar da masu Kindle suke bi su sauke littattafan da suka saya su ajiye a kwamfutarsu. Gaskiyar Hausawa da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Daga irin waɗannan al'amura ne, tare da gajiya da biyan kuɗin wata-wata ga kamfanoni barkatai waɗanda kowanne ya riƙe nasa kason fina-finan, wata sha'awa ta bunƙasa a tsakanin mutanen Turai da Amurka da Asiya, ta kuma fara samun ma'abota a wasu wuraren. Ita ce sha'awar mutum ya kafa tasa uwar garke a cikin gidansa, watau kwamfuta guda da za a keɓe, a bar ta a kunne dare da rana, a tara mata dukan abin da iyali suka mallaka na kallo da saurare da karatu da wasa, domin kowace waya da kowace talabijin da ke gidan ta riƙa ɗiba daga gare ta. Idan ana son a kusanto da abin ga hankali, sai a ce bambancin da ke tsakanin wannan da biyan kuɗin wata kamar bambancin mai rumbu ne da mai awo kullum a kasuwa: na biyun bai san wahalar gara da ɓera da yoyon damina ba, amma ranar da kasuwa ba ta ci ba shi ne yake kwana da tunani.

Mai karatu kada ya zaci ana maganar wata na'ura ce mai cika ɗaki. Da yawa daga cikin ma'abota wannan sha'awa sun fara ne da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda gilashinta ya tsage, ko kuwa irin ƙananan kwamfutocin ofis da ake sayarwa gwanjo, wasu kuma da wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a shekarar 2012 a kan dala 35, faɗinta bai wuce na katin banki ba. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne arahar ma'adana. Faifan ajiya na farko da kamfanin IBM ya fitar a shekarar 1956 nauyinsa ya kai wajen tan guda, abin da yake ɗauka kuwa bai wuce megabait 5 ba, watau ko hoto ɗaya mai kyau na wayar zamani yana iya cika shi; a yau faifai mai terabait 4, wanda mutum zai riƙe a tafin hannu, yana haɗiye abin da ke cikin faya-fayen DVD fiye da 800, ga kuma waɗanda suka haura terabait 20 a kasuwa. Sai a haɗa kwamfutar da waya zuwa ga na'urar Wi-Fi ta gidan, a sa mata manhajar da za ta tsara kayan, shi ke nan aiki ya kankama. Abin lura a nan, wanda kuma ya fi komai amfani ga wanda data take yi wa tsada, shi ne cewa muddin mai kallo yana cikin gidan, fim yana tafiya ne daga wannan ɗaki zuwa wancan ta Wi-Fi, ba ya fita waje, saboda haka ba ya cin data, ko da an kalle shi sau ɗari.

Manhajojin da ake wannan aiki da su suna da tarihi mai daɗin ji, domin daga wasa suka fito. Bayan Microsoft ya fitar da na'urar wasan Xbox a shekarar 2001, waɗansu masu ƙwazo da ba ma'aikatansa ba suka lura cewa akwatin nan a haƙiƙa kwamfuta ce cikakkiya da aka ɗaura wa talabijin, sai suka rubuta mata manhajar kunna fina-finai da waƙoƙi, wadda ta shahara da sunan XBMC, kafin a canja mata suna zuwa Kodi a shekarar 2014. Daga jikinta ne wani reshe ya ɓalle aka raɗa masa suna Plex a 2008, ya zama kamfani mai zaman kansa, ya kuma zama ƙofar da mafi yawan mutane suka shiga wannan sha'awa ta cikinta saboda sauƙinsa. Akwai kuma wata mai suna Emby, wadda asalinta a buɗe take kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, amma a watan Disambar 2018 masu ita suka daina barin kowa ya duba yadda aka rubuta ta. Sai waɗansu daga cikin masu amfani da ita suka ɗauki kwafin ƙarshe da yake a buɗe, suka ci gaba da gina shi da sunan Jellyfin, kyauta, ba rajista da wani kamfani, ba kuɗin wata. Hikimar waɗannan mutane ta ƙara bayyana a watan Afrilun 2025, lokacin da Plex ya ninka kuɗin rajistarsa ta har abada daga kusan dala 120 zuwa kusan dala 250, ya kuma sa kuɗi a kan mutum ya kalli fina-finansa na kansa daga kwamfutarsa ta kansa idan yana wajen gida. A ganina duk wanda ya guje wa dogaro da kamfani ɗaya, sa'an nan ya ɗora taskarsa a kan manhajar da makullinta yake hannun wani kamfanin, bai gama tafiyar da ya ɗauko ba.

Bari mu matso kusa mu ga aikin. Mutum zai buɗe jaka a cikin faifan ya kira ta da sunan fina-finai, a cikinta kowane fim da tasa jakar, a rubuta sunansa daidai sa'an nan shekarar da ya fito, domin sau da yawa fina-finai biyu ko uku suna tarayya a suna. Da ya nuna wa manhajar jakar, sai ta leƙa wani babban kundi na intanet wanda masu sa kai suke cikawa, ta ɗauko hoton bangon fim ɗin, da taƙaitaccen labarinsa, da sunayen 'yan wasa, ta jera su reras a fuskar talabijin, har ta riƙa tuna wa kowane mai kallo inda ya tsaya jiya. Uba yana iya buɗe wa yara nasu sashen dabam, wanda ba abin da zai bayyana a cikinsa sai abin da shi ya tantance ya sa da hannunsa, ba talla, ba kuma wata na'ura da za ta riƙa turo musu abin da ba a nema ba. Ni kuwa ina ganin wannan ita ce babbar fa'idar al'amarin ga mai iyali, ta ma fi ragin kuɗi. Idan fim ya yi wa tsohuwar waya nauyi, kwamfutar tana sauya shi nan take zuwa siffar da wayar za ta iya ɗauka, wannan sauyawa kuwa ita ce aiki mafi wahala a gare ta, ita ce take sa fankarta ta tashi da ƙugi, ita ce kuma take bambanta na'ura mai ƙarfi da marar ƙarfi.

A nan ne Bahaushe zai ci karo da wani abu da Bature ba ya cin karo da shi. Da yawa daga cikin fina-finan Hausa ba su cikin wancan kundi, ballantana karatuttukan tafsirin azumi, da wa'azin malamai, da waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, waɗanda suke yawo daga memori zuwa memori ba sunan kirki ba shekara, wani ma an yanke masa kai ko wutsiya. Wanda ya tashi tsara irin waɗannan dole shi ne zai zama mai fihirisa da kansa, ya saurara, ya tantance, ya tambayi dattawan da suka sani, ya rubuta. Wahala ce, amma wahala ce mai lada, domin masana'antar da ta fara da fim ɗin Turmin Danya a Kano a shekarar 1990 ta yi shekaru tana fitar da aikinta a kaset ɗin bidiyo, kaset kuwa yana lalacewa da zafi da ƙura ko da ba a taɓa shi ba, na'urorin kunna shi ma an daina ƙera su. Su ma masu shagunan nan na tura fina-finai da waƙoƙi a waya, da ke kowace unguwa da tashar mota, a haƙiƙa taska ce a hannunsu, sai dai taska ce da ake share tsohon cikinta don a sami wurin sabo, tun da sabo ne yake kawo ciniki.

Sha'anin littattafai ya fi na fina-finai sauƙi ta fuskar wuri, ya kuma fi shi daɗi ga mai son muɗala'a. Littafin da aka tsara da haruffa, irin wanda ake kira EPUB, galibi bai wuce megabait ɗaya ko biyu ba, saboda haka abin da fim guda yake ci ya ishi littattafai dubu. Waɗanda aka ɗauki hoton shafukansu ne suke da nauyi. Manhajar da ta zama jigo a nan ita ce Calibre, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Indiya, Kovid Goyal, ya fara rubutawa a shekarar 2006 yana karatun ilmin fiziks a jami'ar Caltech ta Amurka, dalili kuwa shi ne ya sayi na'urar karatu ta Sony ya tarar ba ta jituwa da tsarin Linux da yake aiki da shi. Abin da ya fara don biyan buƙatar kansa ya zama hidima ga miliyoyin mutane, kyauta har yau. Tana karɓar littafi ta rubuta sunansa da na mawallafinsa da shekara da fanni, tana juya shi daga wannan siffa zuwa waccan, tana haɗa mujalladai na littafi ɗaya wuri guda, tana kuma iya buɗe ƙofa ta yadda ɗalibi yana kwance a ɗakinsa zai nemo littafi daga kwamfutar da ke zaure ya sauke a wayarsa.

Abin da za a zuba a ciki na halal ba ya ƙarewa. Tun shekarar 1971 wani Ba'amurke mai suna Michael Hart ya fara kwafe rubuce-rubucen da haƙƙin mallakarsu ya ƙare yana sa su a kwamfuta, aikin da ya zama Project Gutenberg, wanda yanzu yake da littattafai fiye da 70,000 kyauta ga kowa. Ɗaliban ilmi na ƙasashenmu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan, domin Maktabatus Shamila, wadda ta fara fitowa a shekarar 2005, ta riga ta shiga kwamfutocin malamai da yawa ɗauke da dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da lugga da tarihi, ta yadda mas'alar da a da sai an kwana ana buɗe mujalladai kafin a same ta, yanzu da rubuta kalma biyu take fitowa. Wanda ya taɓa ɗora Shamila a kwamfutarsa ya karanta ta ba tare da intanet ba, to, ya riga ya ɗanɗani rabin abin da muke magana a kai. Abin da ya rage kawai shi ne ya buɗe ta ga sauran mutanen gida. Haka nan akwai manhajar Kiwix, wadda take ba mutum damar ajiye Wikipedia sukutum a faifansa, har da ta Hausa.

Wasannin kwamfuta, waɗanda yaranmu suke kira gem, su ne suka fi sauran shiga haɗarin ɓacewa, ko da yake su ne dattawa suka fi rainawa. Ba zan musa cewa akwai lagwu da ɓata lokaci a cikinsu ba idan aka wuce haddi, kamar yadda yake a cikin dara da kallon ƙwallo, amma aiki ne na ɗan Adam da aka zuba wa basira da zane da kiɗa da lissafi, wani ma ɗaruruwan mutane ne suka yi shekaru a kansa. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a iya samunsu a kasuwa yanzu. Na zamani kuwa da yawansu ba sa tashi sai sun gaisa da uwar garken kamfani, ranar da aka kashe ta kuwa wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya. Haka ta faru da wasan tseren motoci mai suna The Crew, na kamfanin Ubisoft na Faransa, wanda aka kashe a ƙarshen watan Maris na 2024 bayan shekara kusan goma, abin da ya sa wani mai suna Ross Scott ya tayar da gangamin neman a hana kashe wasanni, har takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a shekarar 2025. Ma'abota taskar gida suna sayen wasanninsu daga kasuwanni irin GOG, wadda aka kafa a Polan a 2008 bisa sharaɗin ba ta sa wa wasa kwaɗo, su ajiye ainihin fayil ɗin a faifansu. Wasu kuma suna kafa filin wasan Minecraft a kan kwamfutar gida, yara da 'yan uwansu su shiga su yi gine-ginensu tare, ba baƙon da zai kutso musu. Akwai kuma manhajojin da suke kwaikwayon tsofaffin na'urori domin wasannin da su ci gaba da rayuwa, irin su MAME da wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya fara a 1997. Amma wannan fage ne mai ƙaya, domin a 2024 kamfanin Nintendo ya kai masu wata irinta mai suna Yuzu ƙara, suka rufe ta suka amince da biyan dala miliyan 2.4.

To, mallaka tana zuwa da ɗawainiyarta, wannan kuwa shi ne abin da masu ɗoki suke mantawa su faɗa. Na farko wuta. Ƙaramar na'ura mai cin wat 10, idan ta kwana ta wuni a kunne, tana shan wajen yunit 7 a wata, babbar kwamfutar tebur mai cin wat 100 kuwa ninkin haka sau goma. A inda wuta take zuwa tana ɗaukewa ba sallama, ɗaukewar tana iya lalata abin da faifai yake cikin rubutawa, saboda haka wanda ba shi da sola ko inbata gara ya yi amfani da tsohuwar tafi-da-gidanka mai sauran batir, ko kuma ya haƙura da barinta a kunne, ya riƙa tayar da ita da yamma lokacin da iyali suka taru. Zafin bazara da ƙurar hunturu kuma abokan gabar faifai ne, dole a sama masa wuri mai iska a riƙa kakkaɓe shi. Amma ko da an kiyaye duk wannan, kowane faifai yana da ajalinsa, wani ya yi shekara goma wani ya mutu a shekararsa ta biyu, wani lokaci da 'yar ƙara ƙas-ƙas ta gargaɗi, wani lokaci shiru kawai. Don haka ne masu abin suka riƙe wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya yayata: kwafi uku na duk abin da ba a so a rasa, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani gida dabam, saboda gobara da ambaliya da ɓarawo ba sa zaɓen faifai ɗaya su bar na kusa da shi. Fim ɗin da ake sayarwa a kasuwa ana iya sake samunsa. Hoton bikin iyaye, da muryar kaka tana ba da tarihin zuri'a, da takardun gona, su ne ya kamata a fara yi wa wannan tanadi.

Na biyu masu kutse. Muddin na'urar tana hidima a cikin gida kaɗai, haɗarin kaɗan ne, amma da zarar mutum ya buɗe mata ƙofa zuwa intanet domin ya riƙa kallo daga wurin aiki, to, ya sani akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa ƙofofin duniya suna neman wadda ba a kulle ba. A watan Janairun 2022 wasu ɓarayi suka kulle dubban akwatunan ajiya ƙirar QNAP na mutane, suka nemi kuɗin fansa kafin su buɗe. A cikin shekarar 2022 ɗin kuma aka yi wa kamfanin LastPass, mai ajiye wa jama'a kalmomin sirri, mummunar sata, da aka bi diddigi sai aka tarar ɓarawon ya shiga ne ta kwamfutar gidan wani babban injiniyansu, wadda take ɗauke da tsohon Plex da bai sabunta ba, alhali an toshe wannan kafa tun watan Mayun 2020. Maganin abin shi ne sabunta manhaja a kan kari, da kalmar sirri mai tsawo, da bin ɓoyayyar hanya irin ta WireGuard ko Tailscale maimakon barin ƙofa a hangame.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ta ba, ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin taskokin nan cike suke da abin da ba a biya kuɗinsa ba. Manhajar ba ruwanta, ba ta tambayar inda aka samo kaya, amma mai ita ya san inda ya samo. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, ba ya halatta a yi ta'addanci a kansu. Nijeriya kuma tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Dokokin ƙasashe sun sha bamban a kan mutum ya kwafi faifan da ya saya domin amfanin kansa, a Amurka ma wata doka ta 1998 ta haramta karya kwaɗon faifai. Amma duk saɓanin da za a yi a kan wancan, ban ga saɓani ba a kan wanda ya karɓi littafin wata marubuciya ta Kano ko Gusau, wadda ta hana idonta barci ta rubuta, take sayar da shi ɗari biyar ko dubu ta waya domin ta rufa wa kanta asiri, ya zuba shi a taska ya buɗe wa jama'a kyauta. Wanda ya yi kukan kamfani ya ƙwace masa abin da ya biya, bai kamata a same shi yana ƙwace wa wani abin da bai biya ba.

Saura mas'alar gado. Kamfanin Valve, mai babbar kasuwar wasanni ta Steam, ya rubuta a cikin sharuɗɗansa cewa asusun mutum ba ya canja hannu, a shekarar 2024 kuma ma'aikatansa suka amsa wa wani mai tambaya cewa ko ta hanyar wasiyya ne ba ya yiwuwa. Sharuɗɗan da yawa daga cikin kasuwannin littattafai da fina-finai ma a kan wannan turba suke. Faifan da ke gida kuwa yana shiga cikin tarikar mamaci kamar akwatin littattafansa, sai dai yana iya zama kurman ƙarfe a hannun magada idan mai shi ya tafi da sirrinsa. Saboda haka masu hangen nesa daga cikin ma'abota wannan sha'awa suna ajiye kayansu a siffofin da kowace kwamfuta take buɗewa, suna sa wa jakunkuna sunaye da harshen da mutanen gidan suke ji, suna rubuta kalmomin sirri da bayanin inda kwafi na biyu da na uku suke a takarda, su sa ta tare da takardun gida da na gona, su kuma zaunar da matar gida ko babban ɗa su nuna masa yadda ake kunna na'urar, da yadda ake ciro faifan a haɗa shi da wata kwamfutar idan ta ƙi tashi.